Mudu Kafin Buhu

Asibiti ya watse. Na rufe rajista,
na jawo bencin majinyata gindin taga
inda fitilar sola take zuba.
Kwamfuta ta ce saura kashi talatin da ɗaya.
Can fadama kwaɗi sun buɗe kasuwarsu.

Gabatarwa.
Kalma guda a saman farin shafi,
yau kwana huɗu muna kallon kallo.

Malama Yahanasu ta kira ni daga jami'a:
"Ba sakamako nake nema ba tukuna.
Faɗi ciwon, faɗi wanda yake ci,
faɗi abin da aka riga aka sani,
sannan nuna mini ramin da ba a cike ba.
Kuma Sadisu, zuciyar nan taka,
ka bar ta bakin ƙofa tare da takalmi."

To. Na rubuta: tsargiya cuta ce da ake ɗauka a ruwa.
Na tsaya. Jimla tana son madogara,
sunan wani, da shekarar da ya faɗa.
Ni ko madogarata Hambali ne,
ɗan shekara tara, mai lalube tarwaɗa cikin kacala,
da ya zo ran Laraba da kwalbar fitsari
ja kamar zoɓo, yana dariya,
wai yayyensa sun ce alamar girma ce.
Ba a sa Hambali cikin baka biyu.
Na goge shi. Na ajiye lamba a gurbinsa.

Sakin layi na biyu, abin da aka sani.
An sha rabon ƙwaya a makarantu,
an rubuta, an buga, nan kusa da can nesa.
Wani ya ce ta yi, wani ya ce da dama-dama,
wani ya ƙirga yara arba'in ya ja bakinsa.
Kowa da 'yar ƙwaryarsa,
ba wanda ya juye su a tabarma ɗaya.
Yaron da ba ya aji fa,
wanda ranar rabo yana gonar shinkafa yana korar tsuntsu,
wa ya ƙirga shi?
Nan ramin yake.
Sai da ƙafata ta zurma na gan shi.

Gwaggo Tabawa mai awo a kasuwar Guri
ba ta kwance bakin buhu sai an yarda da mudu.
Takan ce, in ido ya riga ya ga hatsi,
hannu zai zaɓi mudun da zai yi masa daɗi.
Ashe aikina ke nan a daren nan:
in saƙa rariya tun ban ga gari ba,
in faɗi faɗin idonta a bainar jama'a.
Daga wace shekara, yara masu wane tsawon kwana,
wace takarda za ta shiga, wacce za ta kwana waje.
Mu biyu za mu tankaɗe, kowa a ɗakinsa,
in mun saɓa, na uku ya raba gardama.
In abin da ya sauka ya ƙaryata ni,
na riga na sa hannu.
Wannan ne ya hana ni barci, ba sauro ba.

Saura kashi huɗu.
Na ɗaure tambayar a jimla ɗaya, doguwa, ba ado,
irin igiyar guga.
Na adana. Allon ya mutu a hannuna.

Da asuba na fito alwala.
Ga Hambali, gora a kai, homa a kafaɗa,
ya sha maganin, ya ce, ya ji sauƙi.
Ya gaishe ni bai tsaya ba.
Hanyar ruwa ya bi.